Ka Dawo Mini da Hannuwanka Biyu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Nomau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da gajiyar hanya. Allah Ya tsare ka, Ya tsare direban da ke jan ku, Ya sauke ku Yamai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga bakin tasha. Na ce ma innarka ta sa wagga takarda ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san kafin ku kai Ƙonni yunwa za ta kai hannunka wurin.

Ka san kai ɗan fari ne. Tun da anka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, sai wanga da kakarka ta laƙaba maka don ka zo ana tsakiyar noma. Ban taɓa zaunar da kai na ce ga magana ba. Ko a rairayin ƙorama inda nake koya ma samari kamu, in na ga ka ɗaga ƙugu, sai in juya ga Lawali in ce, "Gaya ma wancan abokin naka ya sauke jiki, ba tallen hura ya zo ba." Alhali kana tsaye kusa da ni har ina jin numfashinka. Haka munka iske, haka baba ya yi da ni, ban kuma ce laifi ne ba. Amma yanzu za ka wurin metir, wato malamin faɗan nan da ya gan ka a kokowar Madawa, za ka koyi kamun ƙasa da faɗan cikin keji, kuma can babu Lawalin da zan aika. Dole in faɗa maka da kaina, ko da a takarda ne.

Tun ran da ka kama mini hannu a rairayi, na buga maka cinya alamar na yarda ka sake ni, ba ka ƙara duban fuskata ba. Kana gaishe ni da safe kana kallon takalmina. Innarka ta gaya mini abin da ka ce mata, wai da na bari hannun ya karye da ya fi maka sauƙi bisa dariyar da anka yi. Ban ji haushi ba. Zan zo ga wannan rana. Amma sai ka fara jin yadda hannuna na hagu ya lanƙwashe har Tama duka ke kirana Lauje, don labarin da ka sani rabi ne.

Shekarar da na tafi biɗa Abijan ka fara tafiya ke nan, kana kama zanen innarka. Lokacin daga Tama har Babankatami babu mai kada ni. Ba cika baki ba ne, tambayi duk wanda ka so. A can ina dakon buhunan albasa a kasuwa. Bayan kasuwar akwai wani sal, ɗakin koyon faɗa, mai rufin kwano, an shimfiɗa tapi shuɗi, wata tabarma mai taushi, a ƙasa. Kullum in na tashi aiki sai in leƙa ta taga, in ga ƙatti kwance suna birgima bisa juna, in yi ta dariya. Ina cewa a raina, waɗanga duk an kada su, me kuma suke jira?

Mai wurin ana ce mishi Metir Yao, ɗan siriri, bai kai kafaɗata ba. Ya ɗan iya Hausa don ya daɗe cikin ƴan Adar na kasuwa. Wata rana ya ce mini, "Dogo, dariya daga taga ba wuya. Shigo."

Na shiga. Ya ce in kwance guru da layun damtse, za su karci mutane. Na tsaya gardama, ya nuna mini wani benci ya ce, "Aje su can, ba mai taɓawa. In masu aiki ne, daga can ma sun yi." Na aje. Ya haɗa ni da wani almajirinshi wanda sai da ya cire tabarau sannan ya hau tapi. Kafin ya gama gyara tsayuwa na ɗauke ƙafarshi na maka shi da ƙasa. Sai na yi abin da jikina ya sani tun ina ƙarami: na sake shi, na ba shi baya, na ɗaga hannuwa sama ina biɗar makaɗa da ido. Har na buɗe baki zan yi kirari. Ban ji tasowarshi ba. Sai jin mutum na yi a bayana kamar goyo, ƙafafunshi sun naɗe mini ciki, hannunshi ya zagaye wuyana. Sal ya fara duhu. Metir ya tafa, yaron ya sake ni, na durƙusa ina tari.

Na ce, "Ai na kada shi!"

Metir ya ce, "Ka kada shi, kaye mai kyau kuwa. To wa ya ce maka an tashi?"

Nomau, a wurinmu ƙasa ita ce ƙarshen magana. Da baya ya taɓa ta, sai kiɗa, sai guɗa. A can, in an kai ƙasa lokacin aiki ke farawa. Kanka ya san wannan, ka gani a salula ba iyaka, amma jikinka bai gama yarda ba. Ina lura da kai. Duk sadda ka kada mutum kafaɗunka na saki, idonka na ɗagawa wajen ƴan kallo. Ɗan ƙiftawa ne, Lawali ma bai taɓa gane shi ba, amma can akwai masu zaman jiran wannan ƙiftawar. Kada ka saki mutum sai ya buga ko alƙali ya dafa ka.

Kuma za su sa ka fara daga kwance, bayanka bisa tapi, wani zaune a ƙirjinka. Ranka zai ɓaci, za ka ji kamar an kada ka tun ba a fara ba. Ka kwanta. Can babu wanda ya san ka, wannan ma wata ni'ima ce, kana iya zama marar iyawa ba mai kai labari gida. Amma kada ka yar da abin da rairayin Tama ya ba ka. Tsayuwarka da nauyin ƙugunka ba a tapi ake samunsu ba. Na tabbata satinka na farko za su taru su ga yadda kake ɗauke ƙafa. Ka nuna musu da hannu biyu, su ma su nuna maka nasu.

Na ci gaba da zuwa sal ɗin har watanni. Na koyi fita daga ƙarƙashin mutum, na koyi ɓoye haɓa, na koyi numfashi in an danne ni. Abu guda na ƙi koyo, shi ne buga hannu. Da idona nake ganin almajiran Metir suna kama shi, ya buga, ya yi dariya, su sake farawa. Sai in ce wanga mutum ya iya, amma ba shi da zuciya. Don a kokowarmu babu wurin da namiji ke cewa na yarda. Kada ka ake yi, ba kai ke kada kanka ba. In sunka kama ni sai in taƙarƙare in fizge, kuma ina fita. Na zaci ƙarfina ne. Sai daga baya na gane su ke sakina. Sun san halina, ba su son su ji mini ciwo, in sun ga na ƙi sai su buɗe hannu su bar ni da girman kaina.

Ran nan wani baƙo ya zo daga wani sal, shi bai san halina ba. Munka kai ƙasa, ya kama hannuna na hagu, ya miƙe shi tsakanin cinyoyinshi, ya kwanta da baya. Bai ja da mugunta ba, Allah shaida. Ya kai inda ake tsayawa ya tsaya, shina jirana. Ina jin Metir na cewa, "Dogo, buga! Buga mana!" Hannuna na dama na sake, tafin ma bisa cinyar mutumin yake. Abin da ya rage in ɗaga shi in mayar. Sai na ga kamar mutanen Tama duka sun jeru a tagar nan suna kallona. Babu ɗan Tama ko guda a wurin. Na yunƙura zan tashi da mutumin kamar buhun albasa. Ƙarar da na ji irin ta busasshen karan dawa ce in an taka shi. Mutumin ya sake ni ya riƙe kai. Shi ya fara hawaye, ba ni ba.

Anka ɗaure hannun a asibiti, na komo gida, maɗorin Ibohaman ya gwada nashi. Ya warke, amma a lanƙwashe. Damina ta iske ni zaune gindin bango. Innarka da cikin ƙanwarka ta ɗauki hauya ta hau gonar tudu, kai ka san duwatsun gonar nan. Rabi ta iya, rabi ciyawa ta cinye. Rumbu bai kai mu bazara ba. Kai kuma cikin ɗaki, inda ba mai gani, kakan zo ka ɗaga mini hannuwa in ɗauke ka. Sai in yi kamar ban gani ba, ka yi ta kuka har innarka ta zo. Kowa na tsammanin kunyar ɗan fari ce. Ba ni iyawa ne.

To ga abin da nake so ka riƙe, in ma ka mance sauran takardar. In kamu ya kai, ka buga. Kada ka jira zafi, zafi baya yake zuwa, gwiwar hannu na riga shi. Da ka ji an miƙe ka babu sauran wurin juyawa, ka buga. Ka buga a jikin mutum, ba a tapi ba, don ya ji ko da hayaniya. In hannuwa duka na kame ka buga da ƙafa, in babu ka buɗe baki ka faɗa. Wurin koyo ka buga safe ka buga maraice, ba a ƙirga maka. Kowane bugu na nuna maka ramin da ke cikin kokowarka, ka tashi ka tambayi wanda ya kama ka ta ina ya shigo, gobe ka toshe. Wanda ya ƙi bugawa ba ya koyon komai, sai dai abokanshi su riƙa lallaɓa shi kamar yadda anka lallaɓa ni, har ran da zai gamu da baƙo.

In kuma kai ne ka kama, da an taɓa ka ka saki, ko da kana shakka. In ka gamu da mai taurin kai irina wurin koyo, kada ka karya shi. Ka sake shi, sannan ka gaya mishi a fuska cewa sakinshi ka yi. Da sun gaya mini haka tun farko, wataƙila da na ji.

Karyewar hannu ba ita ce babbar wautata ba. Babbar da baki na yi ta. Da na komo, majalisar shayi ta tambaye ni me ya faru. Sai na ce, "Sun karya shi, amma ban buga ba." Wuri ya ɗauki sowa. Sahabi taubashina, wanda yanzu ke da rumfar sharjin salula, nan take ya mayar da ita kirari: "Lauje, ka karye ba ka rusuna ba!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin da ke zaune mace na yi mishi noma, in ya samu kirari riƙe shi yake da ƙarfi. Na yi ta maimaita labarin a biki da suna. Ban taɓa sa hauyar innarka a ciki ba, ban taɓa sa hawayen baƙon nan ba. Kai kuma kana girma kana ji.

Sai salula ta zo, Sahabi ya kafa pano mai jan wuta daga rana bisa rumfarshi. Ran kasuwar Buza, inda rizo, wato layin salula, ke da ƙarfi, yakan sauko da bidiyon faɗace-faɗacen keji, washegari mu taru a rumfa mu haɗa kai bisa ɗan gilashi guda. Ka san yadda muke. Kowa da gwaninshi, ana musu har a mance shayi bisa wuta. Nawa wani dogo ne mai zane a wuya, mai zafin baki, in ya yi magana ko ba mu jin yaren sai mun yi ihu. Ran nan anka hau bayanshi, anka shaƙe shi, ya buga. Sahabi ya miƙe tsaye ya ce, "Bawana, ga ubangidanka na ƙwanƙwasa ƙofa! Jama'a, a buɗe mishi!" Na ji kamar ni anka kama. Na ce a goge mini duk bidiyonshi, rago ne, ba ni ba shi. Kai ke riƙe da salular, kai na sa ka goge.

Bayan wasu watanni mutumin ya dawo, jikinshi garas. Na ce ba ni kallo, amma na kalla ta gefen ido. Anka sake hawa bayanshi. Wannan karo ya dunƙule haɓa, ya kama wuyan hannun abokin faɗan da hannuwa biyu, ya zame a hankali har ya juyo. Ramin da anka shiga mishi ya toshe shi. Akwai kuma wani da munka yi ta yabo don ya ƙi bugawa har hannunshi ya goce. Wannan ɗan guntun bidiyon ya zaga salular kowa a garinga, har tsofaffi sun gani. Tun daga nan ba mu sake ganinshi cikin keji ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ni na san inda yake. Shina zaune gindin wani bango, wani na yi mishi aikinshi.

Don haka in za ka yi kallo, ka yi kallon mai koyo. Yamai rizo ba ya yankewa, za a cika maka ido da guntaye, naushi guda mutum ya zube, an sa kiɗa. Wannan kamar a nuna maka damin hatsi ne a ce ka ga noma. Ka biɗi faɗan tun daga farko har ƙarshe. Ka rage sauti, masu sharhi ihu ne aikinsu. Ka dubi ƙafafu, don su ke faɗin abin da hannu zai yi. Ka dubi wanda bakinshi ya fara buɗewa, shi ne gajiya ta fara kamawa ko da shi ke kai duka. Ka dubi wanda anka ci fiye da wanda ya ci, a wurinshi karatun yake. Ka ari ƙafar gwaninka, ka bar mishi bakinshi, shi biyanshi ake don ya yi zagi, kai in ka yi zagi a sal sai a guje ka. In kuma gwaninka ya buga, kada ka goge shi. Ka jira ka ga da me zai dawo.

Ni duk na gane wannan a hankali, shekara bisa shekara, na riƙa gaya ma samarin rairayi su buga. Amma kirarin na nan, ban kashe shi ba. In an ce Lauje ka karye ba ka rusuna ba, ɗaga hannu nake.

Sai bayan girbin bana, ran da Lawali ya hau bayanka. Ina tsaye ina gani. Kamun ya zauna daidai, kowa ya sani. Na ce, "Lawali, gaya ma abokinka ya buga." Lawali na faɗa maka a kunne, kai ka dunƙule hannu ka ƙi. Sai jikinka ya saki kamar rigar da ta faɗo daga igiya. Lawali ya sake ka. Munka ɗaga maka ƙafafu, munka yayyafa ruwa. Da ka buɗe ido, kafin ka san ma inda kake, abin da ya fito bakinka shi ne, "Ban dai buga ba." Samari sunka ɗauki ihu, "Ɗan Lauje! Ɗan Lauje!" Ni kuwa maganata na ji, da muryarka. Na tafi gida tuwo ya ƙi shiga. Innarka ta dubi hannuna na hagu ta ɗauke kwano.

Na yi kwanaki ina juya abin. Nan Lawali ne, ya san ka, shina son ka. Can baƙi ne duka.

Shi ya sa ran da samari sunka taru yi maka bankwana a rairayi bayan la'asar, gari ya fito har da dattawa, na tuɓe riga na ce, "Lawali, gaya ma abokinka ya shigo."  Uba da ɗan fari, ƙirji da ƙirji, ba a taɓa gani ba a Tama. Sahabi ya ce, "Kai Lauje, kunya ta ƙare a garinga?" Na ce, "Aron ta na ba ka, bawana, kai ne ba ka da ko kaɗan."

Bari in gaya maka abin da na shiga yi. Na shiga ne in kama ka, in riƙe ka gaban kowa har sai ka buga. Dabarata ke nan, kuma dabarar banza ce, don ban tambayi kaina ba in ka ƙi me zan yi da wuyan ɗana a hannuna. Allah Ya fi ni dabara.

Na kada ka. Wannan dai ka yarda, har yanzu babanka bai kai arba'in ba, ƙafarka kuma na san ta tun tana ƙarama. Na bi ka ƙasa ban saki ba. Amma ka naɗe ni da ƙafafu, ka juya ƙugu, irin juyin da ban koya maka ba, a salula ka tsince shi. Kafin in janye, ƙafarka ta haye fuskata, hannuna na dama na miƙe tsakanin cinyoyinka. Kwanciyar Abijan sak, sai dai wannan karo hannun mai lafiya ne, shi kaɗai ya rage mini. Na gwada juyawa, babu hanya. Na ji ka kai inda ake tsayawa ka tsaya. Ka san labarin da na ba ka, kana tsammanin zan yunƙura.

Kuma wannan karo ba gizo idona ke yi mini ba, Tama duka na nan tsaye da gaske. Na dube su. Sannan na ɗaga lanƙwasasshen hannun nan, wanda ya biya kuɗin taurin kaina, na buga maka cinya.

Sahabi ya yi tsalle. "Lauje ya ƙwanƙwasa ƙofa! Jama'a, a buɗe ma bawana!" Anka bushe da dariya har da masu goyo. Na tashi ina kakkaɓe rairayi, na ɗaga hannun dama na juya shi kowa ya gani, na ce, "An buɗe, na kuwa shigo da kayana cikakke." Ni ma dariya nake, wallahi har cikin raina. Da na waiwaya, ka riga ka ɗauki takalminka ka haye gaɓa.

Na ji ana cewa bari na yi ka kama ni. Ƙarya ce. Da na iya fita da na fita. Kamun naka ne, mai tsabta, Metir Yao da kanshi da ya gani da ya tafa maka. Akwai kuma abin da ba wanda ya lura sai ni: kafin tafina ya sauka na biyu ka riga ka sake ni. Mai irin wannan hannu ba na jin tsoron ya cuci ɗan wani. Saura ya koyi jin tausayin nashi jikin.

Dariyar da ta dame ka ta kwana biyu ce. Yanzu Sahabi ya koma kan wani, wai akuyar liman ta ci mishi waya. Ni kuma washegari da wannan hannun na ɗora buhun albasa bisa amalanke, da shi na ɗaure maka jakarka. Kirarin ya mutu, ba mai sake yi mini shi, na kuwa ji kamar an sauke mini kaya.

Sauran ƙanana ne, ka san su. Ka riƙe salla. Ka gaida metir ɗinka kafin ka hau tapi, ka gaida wanda ya kama ka bayan kun sauka. Ka yanke farce, ka wanke kayan aikinka kullum, tapi na ba da ƙuraje. Layun da kakarka ta ɗinka maka ka aje su bisa benci ba gardama. Abin da ka koya kada ka gwada shi a titi kan ɗan kabu-kabu ko wani mai tsokana, ƙasar titi ba rairayi ba ce. Ka kira innarka ran Juma'a, ba za ta ce maka tana jira ba, amma salular na cikin zanenta tun safe.

Ba ni shakkar za ka yi suna. Na ga ƴan kokowa da yawa, na san mai zuwa nesa in na gan shi. In Allah Ya so wata rana a rumfar Sahabi za mu haɗa kai bisa gilashi, kai ne a ciki, ni kuma in yi kamar ban san ka ba, in ce wancan yaron ya iya tsayuwa. In ka ci, mun gode Allah. In anka kama ka ka buga, ni zan fara tafi, Sahabi ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da nake roƙo guda ne: in damina ta faɗi ka dawo mini da hannuwanka biyu miƙaƙƙu, gonar tudu na nan da duwatsunta, innarka kuwa ta yi rabonta a cikinta tuntuni.

Ran da ka fara bugawa a sal, ina son in ji labari. In kana jin nauyin faɗa mini, ka kira Lawali ka ce ya gaya ma wancan baban naka.

Allah Ya kiyaye wuyanka da gaɓoɓinka, Ya kiyaye na waɗanda za ka kama. Allah Ya raba ka da sharrin hanya da na baki, Ya ba ka haƙurin koyo, Ya maido ka gida bisa ƙafafunka. Innarka da ƙannenka na gaishe ka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini labarin da na ba ka rabi.

Da hannun daman da ka sake mini na rubuta.

Babanka,
Lauje
Tama